Sunan 'Yata da Gayyatar Waya

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar sunan 'yata ta fari a Ɗanzomo. Har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai, amma a ranar gumi na sha ba ɗan kaɗan ba.

Ni malamin sakandare ne a Gumel, kuma a wancan zangon na gama yi wa ɗalibai bayanin yadda ɗan Adam ya faro sadarwa da ganga da ɗan aike, ya zo kan wasiƙa da rediyo, har ya iso ga waya. (Ina faɗa ina ɗaga tawa sama, kai ka ce ni na ƙera ta.) To da matata ta sauka lafiya, sai na ce ga ranar nuna ilimi. Na tsara katin gayyata mai furanni, na tura wa duk ɗan uwan da ke da lamba. Waɗanda ba su yi boko ba na yi musu saƙon murya, har da gyaran murya irin ta masu karanta labarai.

Sau biyu Inna, mahaifiyata, tana tambayata: "Ɗan nan, an kai wa mutane goro kuwa?"

Na ce, "Inna, kowa ya ji. Wayar ma tana nuna min wanda ya buɗe saƙon."

Ta dube ni kawai, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar suna aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗaure rago, na saɓa babbar riga. Surukaina suka iso daga Maigatari, mota biyu maƙil. (Surukata gida-gida ta bi da goro da alewa, ita da ba ta taɓa zama a aji ba.) Gefensu ya cika. Gefenmu kuwa abokan aikina uku ne, sai wani maƙwabci da ƙamshin waina ya jawo. Babu liman, babu dattijo ko ɗaya. Baffa Ilu ma, yayan marigayi mahaifina, wanda shi zai raɗa sunan, babu shi babu dalilinsa.

Hantsi ya fara ɗagawa, sai surukina ya ja ni gefe ya rage murya. "Malam, lafiya dai? Ko akwai 'yar tsama tsakaninka da danginka ne? Gara mu sani, tunda 'yarmu tana hannunku."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga jaririya ba mai raɗa mata suna, ga surukai sun fara yi min kallon wanda danginsa suka yar.

Na nufi gidan Baffa, wanda bai fi taku ɗari ba. Na same shi a ƙofar gida kan buzu, ya sha wankakkun kaya da hula, sai ƙamshin turare yake. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baffa, ba ku ga saƙona ba ne?"

"Mun gani. Muryarka ma sau biyu na saurara. Ka iya magana, ba laifi."

"To ai ana can ana jira."

"Wa ake jira? Ni dai labari na ji an yi haihuwa. Ba wanda ya gayyace ni."

A nan kaina ya waye. Na naɗe babbar riga a kafaɗa, na ruga bakin tasha wajen mai goro kamar wanda kare ya biyo. Na dawo ina haki, na sake zubewa, na miƙa ƙullin goron da hannu biyu. "Baffa, an samu ƙaruwa, mace. Yau suna. Ina roƙo a zo a sa mana albarka."

Ya ɗauki ɗaya, ya ɓare, ya gutsura a tsanake. "Madalla. Allah ya raya."

Na miƙe zan bi sauran gidaje, duk da na san kafin in zagaye gari waina ta sandare, surukai sun kama hanya. Sai ya ce, "Dakata." Ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa daga aljihu, ya kira liman. "Allah gafarta Malam, yaron ya zo da ƙafarsa, goro ya iso. A gaya wa jama'a su fito."

Ashe duk a shirye suke, kowa yana zaune a ƙofar gidansa da kayan fita! Kafin mu ƙarasa gida, lungunmu ya cika da dattawa, sai da aka aro tabarmin masallaci. Baffa ya raba goron da hannunsa, ya raɗa wa yarinya suna Hadiza, aka shafa fatiha, guɗa ta tashi daga cikin gida. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Surukina ya matso ya ce, "Ashe haka kuke da jama'a!" Ni kuwa ko kunya babu, na gyara zaman hula na ce, "Ai kaɗan ma kuka gani."

Tun daga ranar na gane mutanenmu ba waya suka ƙi ba, sun ma fi ni iya aiki da ita. Sai dai a garinmu, in kana so saƙonka ya shiga, gwiwarka za ka fara kaiwa ƙasa.