An Kafa Gonar Igiyar Ruwa A Inda Teku Ke Barci

Jama'a, yau da safe da usur aka kore ni daga cikin teku. Ni da maƙwabcina Ammi Munji muna tafe a ruwa iya cinya, kowa da damin rassan dabino a kafaɗa, sai wani mai gadi a kwalekwale ya busa mana kamar ya kama ɓarayi. Garin juyawa takalmina ɗaya ya maƙale a laka. Yana can har yanzu, na bar wa hukuma.

Kun dai san mu a tsibirin nan, gadon teku ake yi kamar gadon gona. Ammi Munji yana da fegi a ruwa tun daga kakansa, har da takarda. Duk kaka yakan kafa rassan dabino su zama shinge, in ruwa ya janye kifi ya bi shingen ya faɗa kwando. Wanda bai kafa ba har sanyi ya shigo, shi da kifi sai baɗi. Kwana goma suka rage masa, ga baki bakwai a gida.

To a tsakiyar fegin nan masu girma suka dasa gangunan ƙarfe goma sha biyu. Wai gonar igiyar ruwa ce: igiya ta ɗaga ganga ta sauke, lantarki ya fito, ƙanƙarar masunta ta daina narkewa. Madalla da wannan basira! Matsalar ɗaya ce, 'yar ƙarama. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ruwan wurin ya yi motsin da ya wuce na shayi a kofi ba.

A bakin gaɓa muka tarar da Injiniya Ulfa, wadda aka bar wa kula da gangunan, ta zuba musu ido ta yi tagumi.

Ammi Munji ya ce, “'Yata, ke da kika yi karatu, ina igiyar take? Ko a jirgi za a kawo ta daga birni?”

Ta waiga hagu da dama, ta rage murya. “Baba, wallahi ni arewa na zaɓa, bayan duwatsu, inda ruwa ke hauka. Can muka fara kai kwamiti a jirgin ruwa. Ba mu yi nisa ba Mai Girma ya rungume bokiti.”

Ashe Mai Girma Babban Mai Sa Hannu, Allah ya ƙara wa cikinsa lafiya, bai taɓa hawa ruwa ba. Ya amayar da kalaci, ya bi da abincin daren jiya, ya ce a juya. Da jirgin ya iso fegin Ammi Munji, ruwa luf, sai ya ɗago kai ya goge baki ya ce, “Nan ya yi.” Sakatare ya rubuta. Me yake nufi, wurin ne ya yi ko cikinsa ne ya lafa? Ba wanda ya isa ya tambaya.

Na so in yi dariya, amma da na dubi fuskar dattijon sai raina ya ɓaci.

Ya ce, “To a kwashe mana tarkacen nan in kafa shingena.”

Ta ce ba a taɓa ganga sai an yi bikin buɗewa ranar Alhamis, kuma ba a bikin sai ƙwan lantarki ya kama a gaban 'yan talabijin. Sannan ta sunkuyar da kai.

“Sun ce in nemo wanda ya san ƙasan ruwan, ya laɓe bayan ganga ya riƙa jijjiga ta. Shi kaɗai za a ba takardar shiga wurin. In ƙwai ya kama, wai za a duba maganarka.”

Ammi Munji ya sauke daminsa a hankali. Ya ce da ni, “Si Lutfi, ka ji ko? Shekara hamsin ina cin abinci a ruwan nan. Yau da furfurata, ni ne igiyar.”

Ya karɓa. Ba shi da wata hanyar taka gadon kakansa.

Saboda haka ranar Alhamis, in kuka ga ƙwan ya kama yana ƙyaftawa a talabijin, don Allah kada ku zargi hukuma. Tsohon ne ke fama da ciwon kafaɗa.