Tarbiyyar da Na Yi wa Lin

Ban taɓa shiga aji ba, amma a fagen tarbiyya babu mai gaya mini. Jikata Rahama tana koya wa wata 'yar China mai suna Lin Turanci a falonmu na unguwar Rusholme, nan ƙasar Turawa, saboda jarrabawar baka ta shiga jami'a. Lin yarinyar kirki ce, sai dai takan kalli babba cikin ido tana zuba kamar rediyo.

Da Rahama za ta Birmingham biki, na ce, "Bar mini ita." Da nuni da harara na gyara ta tsaf: kai a sunkuye, murya ƙasa, amsa a taƙaice.

Rahama na dawowa ta yi mata gwaji. Lin ta durƙusa, ta ƙura wa kafet ido, kowace tambaya sai "yes" can ciki.

Rahama ta ce mini, "Hajiya! Mai surutu fa ake ba maki! Wata da watanni ina fama ta buɗe baki!"

Na ce ni dai nutsuwa na gani.

Da ƙyar aka warware aikina ta ci jarrabawar. Har yau yara na cika gidan da ihu, Rahama za ta ce, "A kai su ajin Farfesa." Ni kuwa in gyara zama.