Sarkin Noman Gangara

Ranar da na ga ƙirƙirarriyar basira ta rubuta manhaja kafin in kurɓi shayi, na yi wa sana'ata jana'iza. Na rufe kwamfuta, na tafi ƙauyenmu Gangara, na shaida wa kawuna noma zan koma, tunda na'ura ba ta riƙe hauya.

Ya nuna mini gefen gona. Na duƙufa, duk tsiron da ban yarda da shi ba na sare.

Kawu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ɗana, geron ka nome. Ciyawa kam ta gode."

Na koma bakin aikina, har yau na'urar ba ta kore ni ba. Amma ko a waya, gaisuwar 'yan Gangara ɗaya ce: "Sarkin Noma, ya ciyawa?"