Ranar da Na Saita Talabijin Gaban Surukina

Ranar da muka sayi sabuwar talabijin, surukina ya iso daga Dogon Dawa, yana son jin labarin hanyar Kaduna kafin ya kama tafiya. Matata ta miƙo mini takardar bayani, na ce ta ajiye, wannan ai wasan yara ne.

Na danna nan, na danna can, rubutun ya koma Sinanci. Gumi ya keto mini. Na sake dannawa, sai ga 'yan mata suna tiƙar rawa, sauti a ƙure, rimot ya ƙi ji.

Baba ya sunkuyar da kai. "Malam, labaran ke nan?"

Na fizge wayar daga bango.

Har yau in abu ya lalace a gidan, sai matata ta ce, "A kira Injiniya, amma a fitar da Baba tukuna."