Ranar da Na Tsayar da Kakan Amarya

Ba zan taɓa mantawa da wata walimar aure da aka yi a Anka ba. Ko na so in manta ma, mutanen Gummi ba za su bar ni ba.

A lokacin ina koyar da 'yan aji biyar a wata makarantar kuɗi a Gummi, na daɗe a wurin har wasu ɗalibaina sun yi gemu. Matsalata ɗaya ce, bakina. In na zauna a ɗakin malamai na fara kwaikwayon tafiyar hedimasta, sai ka ga malamai suna riƙe ciki. Kullum sai wani ya ce, "Wallahi Malam, ɓata kanka kakai cikin alli. Emsi ya dace da kai." Emsi dai shi ne mai riƙe makirufo a wajen biki, yana gabatar da baƙi yana ba mutane dariya. Kaina ya dinga kumbura (ban lura ba cewa duk masu dariyar nan shayina suke sha).

Ana nan sai wani abokina ya ce ƙaninsa zai yi aure a Anka, ni zan gabatar da walima. Shi ke nan fa, na ga ƙofar arziki ta buɗe. Na kai wa tela shadda, na je na gaya wa Inna zan bar koyarwa.

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka dakata a yi hutu mana. Aikin ga shi ka ci da kai da iyalinka."

Na ce, "Inna, ba ki san zamani ba."

Hedimasta kuwa, da na kai masa takardar ajiye aiki, tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, ka yi tunani?" Na ce, "Ranka shi daɗe, tunanin ne ya kawo ni." Har da ɗaga wa malamai hannu a bakin ƙofa, kamar mai tafiya Makka.

Ranar walima na isa Anka cikin babbar riga, ina ƙamshi. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, janareta na ruri. Liman ya buɗe da addu'a, aka miƙo mini makirufo. Na saki barkwancina na farko, wanda ke kayar da malamai daga kujera. Ba wanda ya motsa. Na saki na biyu, wani ya yi tari. Ana cikin haka aka shigo da robobin shinkafa da lemo, wuri ya kaure da hayaniya, wannan na kiran nama, wancan na gaisawa da wanda suka daɗe ba su haɗu ba. Ni kaɗai nake sauraren kaina.

To, duk wanda ya taɓa koyarwa ya san jiki yana da abin da yake yi in aji ya rikice, ba ya shawara da kai. Ban san lokacin da na buga tebur ba.

"Shiru!"

Wuri ya yi tsit. Wallahi har na ji daɗi. Amma can baya akwai wani mai farar hula da ya ba ni ƙeya, yana ta zuba wa na kusa da shi labari. Sai na nuna shi da yatsa, lasifika kuma ta kai muryata har bakin titi.

"Kai mai farar hula! I, kai! Tashi tsaye. Maimaita abin da na faɗa yanzu."

Aka taɓa shi, ya juyo. Gemu fari fat har ƙirji. Kakan amarya ne, wanda aka ɗauko a babur tun daga Adabka saboda wannan rana. Ya laluba sandarsa, mutum biyu suka kama shi, ya miƙe a hankali.

Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ban jiya ba. Kunnen ya tsufa."

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma bakin nan nawa, wanda ya saba, sai ya ƙarasa aikinsa.

"To zauna. Kar ka sake."

"Na gode, Malam," in ji shi, ya zauna.

Innalillahi! Dariyar da ta ɓarke a rumfar nan ita ce kaɗai na samu a duk rayuwata ta emsi. Uban amarya ne kawai bai yi ba. Abokina ya zo ya zare makirufon daga hannuna kamar mai karɓe wuƙa a hannun yaro. Na rarrafa gaban tsohon na durƙusa ina ba da haƙuri, ya dafa kaina ya ce, "Ba komi, ɗana. Ni ban yi boko ba, yau na ɗanɗana." Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona.

Kafin in iso Gummi bidiyon da wani ya ɗauka da waya ya riga ni. Ba wanda ya sake kirana biki, ko na suna. Da hatsin gida ya fara ja baya na koma wurin hedimasta, hula a hannu. Ya ce an riga an ba wani ajina, sai dai in zan riƙe 'yan nazare. Na ce zan riƙe, da godiya. Ina shirin fita ya kira ni.

"Malam, wai wace rana akai walimar?"

Na ce Asabar.

"Muna makaranta ran Asabar?"

Na ce a'a.

"To mi ya hana ka je ka gwada, ka dawo ajinka Litinin?"

Na sa hulata na nufi ajin 'yan nazare. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da zumuɗin barin aikinsa, sai in zaunar da shi in ce ya je ya gwada sabon a ranar hutu tukuna. Ina faɗa ina goge wa ɗan wani majina.