Yadda Sunan Barmo Ya Koma Barmanci

A wani gari da ake kira Za-a-yi, an yi wani magini mai yin mutum-mutumi da siminti, Haladu Barmo. Barmo sunan mahaifinsa ne, masassaƙin turmi, mutumin da in ya ce ya gama aiki, to ya gama. Haladu ba gona, ba rumfa a kasuwa. Sunan nan shi ne duk gadonsa, yana lallaɓa shi kamar ƙwai.

Wata rana Majalisar Na'am ta kira shi ya gina siffar Mai Girma Sarkin Gobe a shataletalen tsakiyar gari. Shi Haladu daga ƙasa yake fara aiki, sai ƙafa ta bushe yake hawa gwiwa. Kai kuwa ba ya yin sa sai mai shi ya zauna a gabansa ya ƙare masa kallo. Ya yi takalma, ya yi babbar riga, ya yi tumbi, wanda shi kaɗai ya lashe simintin da zai gina aji guda. Da ya iso wuya sai ya aika fada. Aka ce Mai Girma yana ƙasar waje ana duba lafiyarsa. Ya sake aikawa, aka ce Mai Girma ya koma can don ya gode wa likitocin.

Ranar buɗewa ta zo. Sarkin Almakashi, jami'in da ba shi da aiki sai yanka ƙyalle a wurin buki, ya iso da makaɗa.

"Ranka ya daɗe, ai babu kai," in ji Haladu.

"Malam Haladu, an fa riga an dafa shinkafa."

Aka yaye zane. Ga tumbi, ga wuya, ga rodi biyu tsirara suna kallon sama. Amma Sarkin Almakashi ba a banza ya kai inda ya kai ba.

"Jama'a, sabon salo ne! Ko Turai ba su iso nan ba. Sunansa barmanci!"

Tafi raf-raf-raf. Kafin damina ta wuce, kowane shataletale ya samu nasa: doki ba kai, zaki ba kai. Kwalejin garin ta buɗe Sashen Nazarin Barmanci. Daga nan salon ya fito daga shataletale ya shiga gari. Aka yi gada barmanci, ta tsaya a tsakiyar kogi. Aka yi asibiti barmanci, majinyata na ƙirga taurari. Da Sarkin Gobe ya sauka wani ya hau, majalisa ta auna ta ga tumbin ya yi wa sabon daidai, sai aka canza allon suna kawai.

Haladu ya daure, ya daure, har ranar da ya ji wata mata a Kasuwar Dawo-Gobe tana zagin telan da ya ba ta riga da hannu ɗaya: "Ni za ka yi wa barmanci? Barmon banza kawai!" Wallahi a nan ya tsuguna ya yi kuka da hawaye, da furfurarsa da komai. Sunan ubansa ya zama zagi.

Ya tafi wurin Sarkin Almakashi. "Ranka ya daɗe, a bar ni in ƙarasa aikina."

"Haba Malam! Mun sa sunanka ya shiga duniya, godiyar ke nan? In ka sa kai, ai ka sa fuska. In akwai fuska, mutane za su san wanda za su tambaya."

Haladu ya koma gida ya karya ƙa'idarsa. Ya ɓare hoton sabon Sarkin Gobe daga jikin bango, ya zauna ya gina kai, har da tabarau. Ranar kasuwa da rana tsaka ya jingina tsani, ya hau, ya ɗora shi a kan rodin nan, ya shafe wuya sumul. Ya sauko yana hamdala.

Mutane suka taru. Wata tsohuwa ta kare rana da hannu ta duba sama.

"Au! Ashe kai ne? To ina sauran gadarmu?"

Kafin la'asar an yi layi a gindin mutum-mutumin, kowa da tambayarsa. Abin da garin bai taɓa gani ba ya faru: hukuma ta yi aiki da sauri. Aka sauke kan, aka kama Haladu Barmo da laifin lalata barmanci.

A kotu, masani daga kwaleji ya rantse cewa wanda ake tuhuma bai fahimci salon ba ko kaɗan. Alƙali ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Bayan sauraron kowane ɓangare, kotu ta samu Haladu Barmo da..."

Sai ya duba agogo, ya miƙe, ya fita. Aka mayar da Haladu gidan yari.

Kullum da safe yakan tambayi gandiroba, wani sabon zuwa da bai san kowa da suna ba, ko an sa ranar ƙarasa hukuncin.

"Baba, ka daina wahalar da kanka," in ji gandiroban. "Shari'ar taka barmanci ce."