Kafur a Tankin Mota

Ba zan taɓa mantawa ba, duk da na so in manta, da ranar da na zargi surukina da kashe mini mota.

Ni mutum ne mai zargi, musamman a kan fetur. Tun da na ji ana cewa wasu suna gauraya shi da etanol, wani sinadari mai jawo ruwa cikin tanki, na daina yarda da kowane gidan mai a Tudun Wada. Ana cikin haka na ga wani bidiyo a waya, wai in ka jefa ƙwayoyin kafur a tanki, ƙarfin man da ake kira oktan zai ƙaru, mota ta riƙa tashi kamar sabuwa. Na fara jefawa a ɓoye (mai bidiyon bai faɗi adadi ba, ni kuwa hannuna a sake yake).

Lokacin wata wahalar mai, Baba, mahaifin matata Saude, ya aiko mini da jarka cike, kyauta. Da kansa dattijon ya bi layi. Na ga man ya yi fari-fari, raina bai kwanta ba, amma na zuba. Washegari a hanyar Gyallesu mota ta fara fizga, ta yi tari, ta mutu.

Na koma gida ina huci na ce, "Man babanki ne! Gauraye ne, ya kashe mini inji!"

Saude ta shige ɗaki. Ashe waya ta ɗauka ta kira babanta.

Ina garejin bakanike sai ga Baba ya sauko daga keke mai ƙafa uku. Ya ce, "Malam, an ce man da na ba ka ya yi maka ɓarna. Na zo in gani da idona." Maimakon in ja bakina in yi shiru, sai na hau yi masa lacca a kan etanol, masu jiran gyara suna gyaɗa kai.

Bakanike ya ɗaga kujerar baya, ya zaro famfon mai. Rariyarsa ta toshe da wani farin abu, wari ya cika wurin. Baba ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago a hankali.

"Ikon Allah. Ni dai fetur na saya. Wannan kuwa warin akwatin tufafi ne. Kyankyasai ne suka dame ka a tanki?"

Gareji ya kwashe da dariya. Kunya ta kama ni, na faɗi gaskiya da ƙaramar murya. Baba bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce, "Alhamdu lillahi, tunda ba ni na cuce ka ba," ya tsayar da keke ya tafi.

Sai da na je har gida na durƙusa kafin ya saki fuska. Har yau ina zargin gidajen mai, ban daina ba. Amma yanzu duk binciken da zan yi, da kaina nake farawa, kafin in kai ga sunan babban mutum.